Sharaɗin da Muka Soke

Shekara tara ina koyar da ilmin ƙasa da taki a wata babbar makarantar aikin gona mai zaman kanta, wadda ɗalibai ke shiga bayan sun ci bak, jarrabawar gama sakandare. Daga gidanmu na Tibiri nake tashi da safe, in dawo bayan la'asar. Ban da koyarwa, akwai wani aiki da aka ɗora mini, kuma shi na fi so. Kowace Alhamis da rana nakan bar ƙofar burona, wato ofishina, a buɗe, ɗalibi ya shigo da takardar makinsa, mu zauna mu duba inda ya dosa. In tambaye shi abin da ake nomawa a garinsu, da abin da yake so ya koma ya yi. Wani ya shigo da tambaya ɗaya, sai mun yi rabin awa kafin ainihin abin da ke damunsa ya fito.

Sai aka kawo mana sabon darakta, shi kuma ya zo da shafin intanet. An tara mu a babban zaure, an haska mana shi a bango: ga hoton makaranta, ga rassan karatu da sharuɗɗan shiga kowanne, ga wani akwati da ɗalibi zai rubuta tambayarsa a ba shi amsa. Muka tafa. Ni ma na tafa, don abin ya yi kyau a ido. A ƙarshen taron aka ce daga yau an soke zaman Alhamis, tunda komai yana kan sit, kamar yadda kowa ke kiran shafin. Washegari na tarar an manna takarda a ƙofata, ɗauke da adireshinsa.

A cikin ƴan shekara ta biyu akwai wani saurayi, ɗan Fulanin wata ruga da ke arewa da Cadakori. Dogo ne, ba shi da yawan magana, Hausarsa a hankali take fita kamar yana auna kowace kalma. Duk wanda ya taɓa zuwa gonar makaranta tare da shi ya san inda zuciyarsa take. Mu muna duba ƙasa, shi idonsa na kan garken awakin da ke bayan shinge. A ƙarshen shekara ta biyu kowane ɗalibi ke zaɓen reshen da zai ƙarasa karatunsa a ciki, ko kiwo, ko ƙasa da shuka. A makon ƙarshe kafin hutun damina ya tare ni a baranda, ina rungume da takardun jarrabawa.

"Madam, ina da tambaya a kan zaɓen reshe."

"Duba sit, komai na nan," na ce, ko tsayawa ban yi ba.

Ni na faɗi haka, da bakina. Ban taɓa buɗe wannan ɓangaren na shafin ba, amma na tura shi can kamar na san abin da ke ciki.

Da aka dawo hutu, ranar farko na shiga ajin ƴan reshen ƙasa, sai ga shi zaune a layin baya. Na ɗauka kuskuren aji ya yi. Bayan darasi na kira shi na ce me yake yi a nan, ba kiwo ya kamata ya tafi ba? Ya zaro wayarsa ya miƙo mini hoton da ya ɗauka na shafin. An rubuta ƙarara cewa ba mai shiga reshen kiwo sai wanda ya samu sha biyu cikin ashirin a lissafi. Shi sha ɗaya da rabi ya samu.

Na karanta sau biyu. Shekara biyu ke nan da muka soke wannan sharaɗin. Ina cikin taron da aka soke shi, ni ce ma na rubuta rahoton taron. Wanda ya haɗa shafin tsohuwar takarda ya kwafa, ba kuma wanda ya bi ya duba.

"Me ya sa ba ka tambaya ba?"

"Na tambaya, Madam. Sau uku."

Ya nuna mini. A rugarsu babu rezo, waya ba ta kamawa, sai ranar kasuwar Cadakori, idan ya rako mahaifinsa, yake hawa kan tudun da ke bayan turken bisashe ya samu ya buɗe shafin. Kasuwa uku a jere yana rubutawa a akwatin tambayoyi, da Faransanci mai tsabta, da gaisuwa da godiya, yana tambaya ko ana yi wa mai sha ɗaya da rabi sassauci. Ba a amsa ba. Ranar kasuwa ta huɗu ita ce ta ƙarshe kafin a rufe zaɓe, sai ya danna reshen ƙasa don kada ya tashi ba ko ɗaya.

A ranar na je wurin shugaban sashenmu. Ya ce lallai abin bai yi daɗi ba, amma ba shi ke riƙe da shafin ba, in ga sakatare. Sakatare ya ce shi sunaye kawai yake fitarwa daga ordinata, wato kwamfuta, gyaran rubutun shafi sai wanda ya haɗa shi. Wanda ya haɗa shin wani ɗan kwangila ne daga nesa, ya gama aikinsa ya tafi, kuma kalmar sirrin shiga ciki tana wurinsa. Na tambayi wa ke karanta akwatin tambayoyi. Sakatare ya dubi mataimakinsa, mataimakin ya dubi bango. Ashe tun ranar da muka tafa a zauren nan ba a ba kowa wannan aikin ba. An rufe ƙofata, an ce wa yaran mutane su rubuta, suna ta rubutawa kuwa, babu mai karantawa.

Kwana huɗu ina neman ganin darakta kafin na same shi. Ya saurare ni yana juya biro a hannu.

"Madam, an riga an rufe jerin sunaye. Na'ura ba ta karɓar canji bayan an rufe."

"Ranka ya daɗe, na'ura ba ta yi wa yaron nan ƙarya ba. Mu muka yi masa. Abin da muka rubuta ya karanta, ya bi."

"Ɗalibin da ya kai shekara ta biyu ya kamata ya san yadda zai bincika abu."

"Ya bincika. Ni ya fara tambaya, na kore shi zuwa shafin da kuka ce mu tura su."

Ya ce in rubuto takarda, za a duba. Na rubuta, na haɗa da rahoton taron da aka soke sharaɗin, da hotunan saƙonnin yaron. Takardar ta kwana a buro ɗaya, ta yini a wani. Duk wanda na tambaya sai ya ce tana kan hanya. A tsakanin nan na rubuta da hannuna a babbar takarda cewa sharaɗin lissafi da ke kan shafi ba ya aiki, na manna a allon sanarwa. Kafin azahar an cire ta, aka kuma aiko mini da gargaɗi cewa ina zubar da mutuncin makaranta a gaban ɗalibai.

Wata Asabar da hantsi maigidana ya leƙo ya ce ina da baƙo a zaure. Na yafa mayafi na fita, na tarar da wani dattijo da malafa a gefensa, da ƙwaryar man shanu an rufe da faifai. Mahaifin ɗalibin ne. Ya zo Tibiri duba wani ɗan'uwansa, ya tambayi gidanmu, don ɗansa ya gaya masa ina ta fama a kan maganarsa. Kunya ta kama ni, ga mutum ya kawo mini godiya a kan ɓarnar da nake da hannu a ciki. Na ce, "Baffa, ba ni da abin da za a gode mini. Har yanzu ba a yi komai ba." Na yi masa bayanin yadda abin ya faru, ban ɓoye nawa laifin ba.

Ya ce, "Malama, ni ban yi karatun lakol ba, amma ina da waya. Akwai mutumina a kasuwa da ke gaya mini yadda bisashe ke tashi. In ya gaya mini ba daidai ba, na san gidanshi, sai in tafi in same shi. To wanga abu naku, in ya faɗi ba daidai ba, gidan wa ake zuwa?"

Ya ci gaba da cewa wata damina kafin yaron ya shiga makarantarmu ciwo ya shiga garkensu, ya kashe musu shanu, har da wata saniya da yaron ya rena tun tana maraƙa, kuma kafin malamin dabbobi ya iso an riga an yi asarar. "Shi ya sa na bar shi ya tafi karatun kiwo. Ƙasa kam mun gode, amma mu ba manoma ba ne."

Sai bayan mako bakwai amsar takardata ta fito. An yarda ya koma reshen kiwo. Ashe na'urar tana karɓar canji, sakatare ya yi shi a gabana kafin shayinsa ya huce. Amma malamin da ke riƙe da reshen kiwo ya ce ƴan ajinsa sun riga sun gama zagayen farko na aikin hannu a gona, wanda ba a cin shekara sai da shi, kuma ba a maimaita shi sai baɗi. Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba. Aka ce wa yaron ya zaɓa, ko ya zauna a reshen ƙasa ya gama tare da sa'o'insa, ko ya koma gida ya dawo shekara mai zuwa. Ya nemi kwana biyu. Da ya dawo ya ce zai jira baɗi. Ya ɗaure katifarsa a bayan babur ɗin kabu-kabu ya tafi tasha. Shekara guda ta rayuwarsa ta tafi a kan layi ɗaya na rubutu, kuma ba a samu ko mutum ɗaya a makarantar da ya ce masa yi haƙuri da sunan makaranta ba.

Shafin kuwa yana nan yadda yake, da sharaɗinsa, har aka kusa zaɓen reshe na gaba. A lokacin ne wasu baƙi suka zo duba makarantar, aka shigo da su zaure don a nuna musu ci gaban da muka samu. Da yake ni ce tsohuwar mai ba ɗalibai shawara, aka ce in tashi in nuna yadda ɗalibi ke samun jagora ba sai ya taka ƙafa ba. Na tashi, na buɗe ɓangaren reshen kiwo, na karanta sharaɗin da ƙarfi. Na ce wannan mun soke shi shekara uku da suka wuce, kuma akwai ɗalibin da ke zaune a ruga yanzu haka saboda shi. Bayan kwana biyu aka samo kalmar sirrin da aka ce mini ba ta samuwa. Waya ɗaya aka buga. Aka gyara layin, ni kuma aka cire sunana daga kwamitin tsara karatu.

Da aka buɗe akwatin tambayoyin na roƙi sakatare ya bar ni in karanta. Na yini a kai. Wasu na tambayar ranar komawa, wasu takardar shaida. A ciki na ga saƙon wata ɗaliba ƴar Gazawa, wadda ita ma bara take shekara ta biyu, da tambaya iri ɗaya sak da ta ɗan Cadakori. Sha ɗaya ta samu a lissafi. Tana zaune a ajina shekara guda cur, a layin gaba, ban taɓa sanin kiwon kaji take so ta karanta ba. Ranar da na karanta saƙon tana Gazawa tana aikin gwaji na ƙarshen karatu, sai na kira ta a waya. Ina jin ƙarar babura a bayanta ina yi mata bayani. Na ce idan tana so zan shige mata gaba a sake duba maganarta.

Ta ce, "Madam, saura wata biyu in gama. Da ma ba ki gaya mini ba."