Layukan da Babu Suna

Matso nan kusa ka zauna, in ba ka labarin Raliya mai rajista.

Duk macen da ta haihu a ƙaramin asibitin nan na kan hanyar Konni cikin shekara goma sha ukun nan ta san Raliya. Ita ce ke zaune bayan taga da kwamfuta, tana tambayar sunan uwa da na uba da garin da aka fito. Matan Araba da Amarawa da Lafani duk ta hannunta suke bi, har da na ƙetaren iyaka masu ce mata Madam, tana dariya. Karatunta bai yi nisa ba, amma ita ta kwashe abin da ke cikin tsoffin littattafan asibitin ta zuba a kwamfuta kafin gara ta gama da su.

To, ka san ba a bayyana sunan jariri sai ranar bakwai. Don haka Raliya kan rubuta ranar haihuwa da nauyi, ta bar gurbin suna, sai uba ya dawo bayan suna ta cike. Wanda Allah ya karɓi abinsa kafin bakwai kuwa, ba mai dawowa, gurbinsa haka yake zama.

Ɗaya daga cikin layukan rajistar nan marasa suna nata ne. Ɗan fari, namiji, kwana huɗu ya yi a duniya. Mijinta Halilu yana hanya da motar albasa, ko ganinsa bai yi ba. Babu hoto, kabarin ma damina biyu ta shafe shi, kuma ba ta sake samun haihuwa ba. Da ta gama arba'in ta koma aiki, da hannunta ta rubuta shi: ranar Talata, kilo biyu da rabi. Idan taga ba kowa takan buɗe ta duba, ta rufe.

Bara mai asibitin, Alhaji Attahiru, wanda yayan mijinta ne, ya ɗauko wani injiniya daga Sakkwato, Sharafuddeen. Manhajar da ke riƙe da bayanan ta tsufa, dole a koma sabuwa. Yana cikin kwashe bayanai sai aiki ya tsaya, domin sabon tsarin ba ya karɓar layin da babu suna. Ya ƙirga, ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya ce a ganinsa kuskuren bugawa ne, amma ba zai taɓa ba sai an ba shi izini.

Alhaji ya juyo, ga ma'aikata maza biyu tsaye, ya ce, "Raliya, mi kika gani? Suna da amfani?"

Ina macen da za ta buɗe baki gaban yayan mijinta ta yi maganar ɗanta na fari? Ta so ta ce na mutane ne, amma ta san muryarta za ta tona ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda kuka gani, Yaya."

Aka goge. Bayan gogewar ne Sharafuddeen ya ɗauki kwafin bayanan, sannan ya wanke tsohuwar kwamfutar tas aka kai ta ɗakin magani.

Sati biyu Raliya ba ta cin abincin kirki. Hindatu ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar ɗan nata, ita ta gane, ta kira Sharafuddeen a waya ta gaya masa ko layukan su wane ne. Bawan Allah ya biyo motar safe da kansa, ya kwana uku yana tonon tsohuwar kwamfutar, bai samu komai ba. Ranar da zai tafi ya tsaya a taga, idonsa ja.

"Hajiya, da kalma ɗaya kika faɗa mini."

Ta ce ba laifinsa ba ne. Ya ce ai ta tuna ranar da nauyin, ta sake rubutawa mana, yanzu ya gyara tsarin yana karɓar layi ko babu suna. Ta yi masa godiya, ta yi masa addu'ar sauka lafiya.

Har yau ba ta rubuta ba. Ta gaya wa Hindatu cewa wancan ta rubuta shi ne nononta bai ƙafe ba, wannan kuwa kwamfuta za ta sa masa kwanan watan bana, kamar baƙo. Sauran ɗari biyu da goma sha ukun kuma ba ta riƙe ranakunsu ba, kuma tana jin nauyin ta dawo da nata shi kaɗai.

Kai da ka saurara, in kai ne a bayan tagar nan, za ka rubuta?