Teta Spasiya, wadda ta ƙi sa hannu

Duk wanda ke zaune a layin coci a ƙauyenmu ya san ƙarar ƙofar Spasiya Risteska, wadda kowa ke kira Teta, wato inna. Shida saura kwata take buɗe ta, ta watsa wa kaji masara, ta kurɓe gahawarta a tsaye, ta cusa burodi da cuku a jaka, ta fito bakin titi. Motar ma'aikata ba ta taɓa jiran ta ba, ita ce dai kullum ke jiran mota, kuma ranar da direba ya makara minti biyar, to ya shiga uku, faɗa zai sha tun daga nan har ƙofar gona. Juma'ar nan mai zuwa ce ranarta ta ƙarshe a wannan mota. Ta cika sittin da biyu, za ta ajiye aiki, kuma ita da son ranta ne ta sulale ba wanda ya ji. To ba za ta saɓu ba, Teta. Yau sai an faɗa.

Cikin taba aka haife ta, kamar yawancinmu. Shekara talatin ta yi a siton taba a garin Prilep tana ware ganye, wannan na ɗaya, wannan na biyu, wannan a zubar, har yatsunta suka riga idonta gani. Da aikin taba ya ja baya, wani kamfani ya samu izinin gwamnati ya kafa rumfunan gilashi a bayan ƙauye don noman wiwi na magani. Tsofaffi suka yi ta gunaguni a ƙofar shago, wai 'ya'yanmu mata za su koma noman kayan 'yan iska. Ita ce ta fara zuwa neman aiki. Da aka tare ta da maganar sai ta ce, "Shekara talatin ina ware abin da ke kashe mutane ba wanda ya ce mini uffan. Yanzu da zan ware na magani ne bakinku ya buɗe?"

Kafin shekara ta zagayo an ba ta shugabancin teburin gyara. Mata arba'in ne, kowace da farar riga da hula da safar hannu da almakashi. Ana kawo musu busasshen fure, su datse ganyen da ke jikinsa, su zuba a kwali, ita kuma ta duba ta sa hannu a takardar kowane kwali. Daga nan ya wuce inda ake tatsar mai, ko a kai shi kantunan magani na ƙasashen waje, don masu farfaɗiya da masu ciwon daji.

Ita ta san waɗannan mutane, ba a takarda ta karanta su ba. Mijinta, Blagoya, ciwon daji ne ya ɗauke shi. A watanninsa na ƙarshe ko ruwan miya ba ya zama a cikinsa, sai da likita ya rubuta masa irin wannan mai. Ita take ɗiga masa ƙarƙashin harshe, ta zauna ta jira, bayan wani lokaci ya ce, "Spasiya, akwai sauran waken nan?" Shi ya sa duk sabuwar da ta zo teburin, abin da take fara gaya mata ke nan: "'Yata, wanda zai sha wannan ba shi da sauran ƙarfin da zai ɗauki kuskurenki. Ki buɗe ido." Matan teburin suna ba da labarin ranar da ta sa aka juye kwali tara a kan ɗigon fumfuna guda, da ranar da ta kori jikar ƙanwarta gida saboda ta shigo da turare a jiki. Suna zagin ta a ciki, suna kuma kawo mata 'ya'yansu ta koya musu.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne bara waccan. Zafin Agusta na shekarar ya wuce misali, shukar rumfa ta uku ta yi ta miƙewa tana neman taɓa fitilu. Can kuma sai ta tsaya cak, ta tsuguna, ta cure. Da aka girbe a Satumba, furen ya zo tebur dunƙule-dunƙule, da nauyi, da tauri. Kowa ya yi murna.

"Kai, ku zo ku ga arziki!" in ji Donka, ƙawarta da suke zama kafaɗa da kafaɗa tun zamanin sito. "In ka jefi mutum da wannan sai an kai shi asibiti. Spasiya, ke ba kya dariya ne? Ko an ce miki haraji ake biya a kanta?"

Spasiya kuwa almakashinta take kallo. Duk mai wannan aiki ta san furen kirki danƙo gare shi. Minti sha biyar ba ya cika sai almakashi ya liƙe, dole ki tsaya ki goge shi da sifirit. Ran nan an yi awa biyu ana datsa, kwalbar sifirit na tsakiyar tebur ba wadda ta miƙa mata hannu. Ta fasa fure ɗaya ta kai hanci. Ƙamshin da ya kamata ya bugi mutum har ƙwaƙwalwa babu shi, sai wani ɗan bashi-bashi kamar ciyawar da ta kwana a buhu, ga jajayen gashi sun lulluɓe shi. Ta fasa na biyu, ta fasa na goma. Ta ajiye biro a gefe, ta ce a kira mata darakta.

Darakta ya zo da takarda a hannu. Ba mugu ba ne, yaro ne mai saurin magana da mota ke jiran kayansa ranar Litinin.

"Teta, ga sakamakon gwaji. Ba fumfuna, ba maganin ƙwari, komai tsaf. Me kuma ya rage?"

"Ɗana, takardar nan ba ta riƙe almakashi ba. An yi wa shukar nan wani abu."

"Wane abu?"

"Da na sani da na gaya maka. Amma ba haka Allah ya yi ta ba, kuma ni ba zan sa sunana a kai ba."

"Haba Teta! Saboda almakashi bai yi datti ba za ki tsayar mini da rumfa guda?"

"Saboda shi fa."

Bilyana, mai kula da ɗakin gwaji, tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Ita ce ta faɗi abin da darakta bai so ji ba, cewa na'urarsu abin da aka tambaye ta kawai take nema. Akwai wasu magunguna, in ji ta, da ake zuba wa shuka don a danne tsawonta a cure furenta, an hana su a kan abin da mara lafiya zai sha domin ana tsoron illarsu ga hanta, kuma ba sa cikin jerin da suke dubawa. In ana son sani, sai a tura samfur waje a jira mako uku. Tun da shugabar tebur ta ƙi sa hannu a gaban shaidu, ita ma ba za ta saki kayan ba. Aka tura samfur, aka kulle kwalayen a sito, motar Litinin ta koma ba kaya.

Washegari aka mai da Teta Spasiya ɗakin wanki, wai ta huta da ido. Matar da ta shugabanci mutum arba'in ta koma loda fararen riguna a inji. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. Aka rage wa mata kwanakin aiki, magana ta bazu a ƙauye cewa in kayan nan suka lalace za a rufe gonar, kuma kowa ya san bakin wa ya jawo. A mota, kujerar kusa da ita ta zauna ba kowa. Donka ta tare ta a bakin famfo ta ce, "Ke kin kusa fansho, 'ya'yanki suna Jamus. Ni fa? Jikoki uku a wuyana. Hancinki zai ciyar da su?" Spasiya ta ce, "A'a." Iyakar abin da ta iya cewa ke nan, kuma ta yi kuka da ta shiga gida.

Lokacin kuwa na aibar ne, miyar gasasshen tattasai da kowane gida ke dafawa ya ajiye don hunturu. Kowa ya san ba a yin aibar mutum ɗaya. Yau a gidan wannan ake gasa tattasai, gobe a gidan waccan, ana ɓare fata ana gulma, ana karɓa-karɓa wajen juya tukunya har awa biyar. Shekara arba'in Spasiya na juya tukwanen mutane. Ranar nata, ta hura wuta a tsakar gida, ta jera kujeru shida kamar kullum, ta dafa gahawa. Rana ta take, ba wadda ta leƙo. Wannan abin kunyarmu ne, mu mutanen layin coci, kuma na rubuta shi ne don kada mu manta.

Da la'asar aka taɓa ƙofa. Naum ne, shugaban masu kula da rumfuna, mutumin Resen, ƙasar tuffa. Ya tsaya yana murza hula, sai ya jawo kujera ya ɗauki gasasshen tattasai ya fara ɓarewa. Sai da ya ɓare wajen goma kafin ya yi magana.

"Teta, ni ne."

"Kai ne me?"

"Shukar za ta ƙone a jikin fitila. Na je gida na ɗauko ragowar abin da muke zuba wa itacen tuffa don kada ya yi tsawon banza. Sau biyu kawai na sa a ruwa. Na rantse da 'ya'yana gyara na yi niyya. Shekara ashirin muna zuba wa tuffa, ni da babana, wa ya mutu?"

"Kai Naum, kai Naum! Tuffa da bazara kuke zuba wa, da kaka ku tsinke, mai lafiya ya wanke ya ci guda ɗaya. Wannan wa zai wanke? Busar da shi ake yi a tatse, buhu guda ya koma 'yar kwalba, a ɗiga a bakin yaron da ke faɗuwa sau goma a rana. Ka taɓa ganin irin yaran nan?"

Naum ya sunkuyar da kai. Ya ce in ya faɗa korar sa za a yi. Ta ce ta sani. Ta ce kuma in ya bari takarda ta riga shi magana, ba kora kaɗai zai gani ba, kuma ita ba za ta kai ƙararsa ba, domin bakinsa ne ya kamata ya faɗa. Ta miƙa masa muciya ta ce tun da ya zo, ya juya, hannunta ya gaji. Ya juya tukunyar nan har aibar ya nuna. Da safe ya shiga ofishin darakta da kwalbar a hannunsa.

Sakamakon ya iso bayan kwana goma, ya tabbatar da abin da Naum ya faɗa. Kamfanin ya kai rahoton kansa ga hukuma, aka ƙone girbin rumfa ta uku gaba ɗaya a gaban jami'ai, aka kwashe ƙasar, aka wanke bututun ruwa. Kada wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. Wata biyu mata suna zaune a gida, hunturun nan ya yi wa gidaje da yawa tsawo. Naum ya rasa aikinsa, ko da yake Spasiya ta shiga ta fita sai da aka bar maganar iya nan. Amma ba a rufe gonar ba. Tun daga lokacin kowane girbi sai an nemi waɗannan magunguna a cikinsa, kuma ba kwalbar da ke ƙetare ƙofar rumfa sai Bilyana ta gan ta. Bayan sabuwar shekara darakta ya je ɗakin wanki da kansa ya ce, "Teta, teburinki na jiran ki." Ta ce ya bari ta gama shanya.

Donka kuwa sai ranar Ista ta sauko. Ta zo ta ajiye jan ƙwai irin na bikin a bakin taga ta ce, "Har yanzu kan naki na nan da taurinsa?" Spasiya ta ce, "Shigo ki gwada." Suka zauna suka cinye rabin tiren burek, gurasar nan tamu mai cuku a ciki, ba wadda ta ba wata haƙuri. Naum ma duk kaka sai ya aiko da kwandon tuffa, ita kuma sai ta kira shi a waya ta ce, "Me ka zuba wa waɗannan?"

Teta Spasiya, uwar tebur, ke ce kika tsaya ke kaɗai ranar da takarda da darakta da ƙawarki da mu duka muke gefe guda. Ba ki da digiri, ba ki ma san sunan abin da kike zargi ba. Kin san aikinki ne kawai, kuma kin ƙi yi masa ƙarya. Mun bar ki da kujeru shida ba kowa, ba ki taɓa goranta mana ba. Ki yafe mana, kuma mun gode.

Ku kuma 'yan matan da za ku gaji teburin nan, da ku masu feshi a rumfa, da duk mai noma abin da wani zai sa a bakinsa, ku yi koyi da ita. In hannunku ya ce muku wani abu ba daidai ba, ku tsaya ku tambaya, ko da mota na jira a waje. Kada ku zuba wa shuka abin da za ku ji nauyin faɗa da rana tsaka.

Akwai masu godiyar da ba za su zo walimar sallamar da za mu yi miki ranar Juma'a ba, Teta, don ba su san da ke ba. A wani gari da ba mu taɓa zuwa ba, a hunturun nan da muke fushi da ke, wata uwa ta buɗe kwalba ta ɗiga wa ɗanta magani, ta goge masa baki, ta sa masa takalmi ya tafi makaranta. Ba abin da ya same shi. Ba ta san an taɓa yin rumfa ta uku ba, kuma har abada ba za ta ji sunanki ba. A madadinta muke cewa Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai.