Tafiyar da Na Soke a Waya

Yayana ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe gonar mahaifinmu a Gafasa, ni kuma na yi 'yar makarantata na samu aikin masinja a Gaya. Shi ya sa duk abin da ya shafi takarda ko asibiti, ni ake turawa. Da yanar ido ta rufe masa idon dama, ni na kai shi Kano aka yi masa aiki. Ranar sallama likita ya ja mini kunne, ya ce kada a cusa shi a motar tasha, kada a jijjiga shi.

Babban ɗansa, wanda yake aiki a Legas, ya turo mini kuɗin mota. Ya ce in kira irin motocin nan da ake kira ta waya, ta kai mu har ƙofar gida, ya kuma koya mini inda ake dannawa. Motar ta zo bakin asibiti, na shigar da Yaya baya da auduga manne a idonsa, na zauna gaba. Direban magidanci ne, ba zai wuce shekara talatin ba. Bai tayar da motar ba sai ya juyo.

"Alhaji, wannan kuɗin da waya ta rubuta, kamfani zai yanki nasa. Ka soke tafiyar a waya kawai, mu daidaita tsakaninmu. In rage maka, ni ma in tsira da na mai."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya yi mini daɗi. Na soke. Abin da ya ragu bai fi kuɗin kwano biyu na shinkafa ba, na zura shi a aljihu ban gaya wa kowa ba.

Damina ce, an yi ruwa da safe. Mun wuce Wudil da Gaya mun ɗauki hanyar Gafasa, direba hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya, yana neman fasinjan da zai komo da shi birni. Na gani, na kau da kai, saboda ina jin nauyin ragin da ya yi mini. Bai ga ramin ba sai da muka zo kansa. Ya kauce, motar ta sulɓe ta daki kwalbati ta gefen da Yaya yake zaune. Ni ƙujewa na yi a gwiwar hannu, direba ya fasa leɓe. Yaya kuwa cinyarsa ta karye daga can sama, kusa da ƙugu.

A asibiti suka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Da aka faɗi kuɗin, kowa ya sunkuyar da kai. Muka ɗauko shi zuwa gida, mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙafar da karare, kafin a ga abin da za a samu daga wajen masu mota.

Muna da ɗan kawu da yake aikin rajista a kotu. Shi ya je ya duba takardun motar a wajen 'yan sanda, ya dawo ya same ni a zaure. Ya ce inshorar motar ta gida ce, ba ta haya ba, da wuya a samu wani abu a nan. Direban kuwa ko motar ba tasa ba ce, ta mahaifinsa ce da ya saya da kuɗin sallama daga aiki. Amma akwai ƙofa ɗaya. In tafiyar tana rubuce a waya, akwai hujjar cewa Yaya fasinjansu ne, za a iya rubuta wa kamfanin a nemi kuɗin aikin ƙafar.

"Ba na ce tabbas za su biya ba," in ji shi, "amma da takarda ake magana da irinsu. Kawo wayar taka."

Na ce ta fashe a hatsarin. A lokacin tana aljihuna a kashe. Da na koma Gaya na jefa ta ƙasan akwatin kayana, na yi wata guda ina aron wayar maƙwabci.

Ɗan kawun bai haƙura ba. Ya ce ba komai, ai kamfani yana da nasa lissafin, da lambata za a gano. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Abin da nake tsoro kuwa kada ɗan Yaya ya ji cewa na ci ragowar kuɗin motar ubansa. Ƙafar ba ta zo mini a rai ba kamar yadda wannan ya zo. Haka abin yake, ba zan gyara shi ba.

Ranar Lahadi mahaifin direban ya zo Gafasa da limamin unguwarsu da ɗan nasa, da goro da ambulan ɗin kuɗi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan unguwa suka taru. Yaya yana ciki a kwance, ba ya iya motsi. Tsohon ya ba da haƙuri. Ɗan kawu ya gyara zama zai yi maganar takarda, sai na riga shi.

"Baba, ku mayar da ambulan ɗinku. Abin da Allah ya ƙaddara ba direba ne ya kawo shi ba. Mu gidanmu ba a san mu da kai ƙara ba. Mun yafe, duniya da lahira."

Aka ɗauki kabbara. Liman ya ce irina sun yi ƙaranci a wannan zamani, ya yi mini addu'a mai tsawo, ina ta amin. Ɗan kawu ya dube ni ya ce, "Malam, ƙafarka ce?" Dattawa suka yi masa caa, wai aikin kotu ya ɓata shi. Ya sa takalminsa ya tafi, har yau gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Direban ya ɗago sau ɗaya muka haɗa ido. Shi ma ya san abin da aka rufe a wurin, domin in an bincika, kamfani zai kore shi. Washegari aka je wajen 'yan sanda aka ce an sasanta, na dangwala hannu a madadin iyali.

Da na shiga na gaya wa Yaya an yafe, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki da idon nan da aka gyara. Ya ce, "To, tunda ka faɗa."

Ƙafar ta haɗe a gajarce. Mutumin da yake bin shanun huɗa tun fitowar rana har azahar, yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Ya sayar da shanun a shekara ta biyu. Rabin gonar ya ba da aro, rabin 'yan ƙwadago ke yi. Ni kuma sunana ya tashi. In an yi rikicin iyakar gona ko akuya ta yi ɓarna, sai a ce a kira mai haƙurin nan na Gaya ya yi sulhu. Ina zuwa, ina zama, ina ba mutane haƙuri. Na gaji da wannan yabon fiye da yadda zan iya faɗa.

Damina uku na ɗauka kafin na iya buɗe baki. Na same shi a bakin gona, zaune a kan buhu ƙarƙashin marke, ƙafar a miƙe, yana kallon 'yan ƙwadago suna yi masa maimai irin wanda da shi ne ba zai karɓa ba. Na tsuguna na faɗa masa komai, har da kwano biyun shinkafa da akwatin da na ɓoye wayar.

"Ƙanina," ya ce, "ido aka rufe mini ranar, ba kunne ba. Ina bayanka a zaune. Na ji ya ce ka soke, na ji ka ce to."

"Yaya, me ya hana ka magana?"

"In na yi magana, yaron nan na Legas ba zai sake gaishe ka ba har abada. Ƙafa ta riga ta tafi, ban ga amfanin in haɗa da kai ba. Ragowar kuɗin ma ba ta dame ni ba, wa bai taɓa rage canji ba? Abin da ya tsaya mini shi ne ina kwance, taku goma tsakaninmu, ka kasa leƙowa ka tambaye ni."

Na ce ya yafe mini. Ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"Ai kai ne mai yafewa a gidan nan, ranka ya daɗe. Liman ma ya shaida." Ya gyara ƙafar da hannu biyu. "Waccan yafiyar ka yi ta da bakina ba da izinina ba. Wannan ka bar mini. In na tashi zan faɗa da kaina. Kuma yaron, kai za ka gaya masa, ba ni ba."

Na gaya wa yaron da ya zo hutun Sallah. Ya saurare ni a tsaye, ya ce ya ji, ya shige ciki. Tun daga nan in ya kira waya uwarsa yake nema.

Yanzu kowace Asabar ina hawa babur daga Gaya zuwa Gafasa da fartanyata a ɗaure a baya. Hannuna ba na noma ba ne, kunya biyar nake yi ƙuguna ya riƙe. Yaya yana zaune a kan buhunsa yana nuna mini da sanda inda na bar ciyawa. Muna cin abinci kwano ɗaya, yana tsokanata da Alhaji. In zan tafi nakan ɗan tsaya riƙe da babur, ko zai ce wani abu. Abin da yake cewa shi ne in gaida gida, in kuma yi hankali da ramin nan na wajen kwalbati, har yanzu ba a cike shi ba.