Fitilun da Ashafa Ya Liƙe

Malam Ashafa direban bas ne a tashar Ikara. Ya yi furfura yana jigilar mutane da buhunan masara zuwa Makarfi, kuma an shaide shi da kiyaye sallah da tsare harshe. Sai dai yana da wata ɗabi'a irin ta abokan sana'arsa: duk fitilar gargaɗin da ta kama a gaban sitiyari, sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, ya ce, "Ƙarya take yi."

Ɗansa Huzaifa ya tashi yana ganin haka. Allah Ya buɗa masa karatu har ya zama mataimakin matuƙin jirgin sama, 'yan tasha suka koma kiran Ashafa da Uban Matuƙi, shi kuwa yana amsawa da fara'a.

Wata Juma'a Huzaifa ya iso gida ba sanarwa. Bayan la'asar ya durƙusa a zaure.

"Baba, an dakatar da ni."

"Subhanallahi! A kan me?"

"Muna shirin sauka cikin hadari, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta saki tuƙi, ƙararrawa ta kaɗa. Kyaftin yana magana da masu ba da izinin sauka. Na kai hannu na kashe ƙararrawar, ban gaya masa ba. Jirgi ya yi ta yin ƙasa babu mai riƙe da shi, sai da wata ƙararrawar ta ɗauka sannan kyaftin ya fizgo shi sama. Ba wanda ya ji rauni. Shugabanninmu za su zauna a kaina, ko su mayar da ni ko su sallame ni."

"Me ya kai ka kashe ta?"

Huzaifa ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ƙarya take yi."

Ashafa ya gane maganarsa a bakin ɗansa. Istigfari kawai ya iya, idonsa a kan tabarma.

Washegari Huzaifa ya rako shi tasha. Bas ta cika, mata da goyo, dattawa da kayan kasuwa. Ashafa ya tayar da inji, ya daɗe yana duban salatif ɗin, sannan ya sa farce ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Fitilu suka bayyana jajur, har da ta birki.

"Jama'a, ku gafarce ni, ku sauka. Motar nan ba ta tafiya yau."

Bilya ɗan kamasho ya leƙo yana dariya. "Uban Matuƙi, yau kuma fitila ce ta firgita ka? Ko bas ɗin ma tashi sama za ta yi?"

Da fasinjoji suka watse suna gunaguni, Ashafa ya buɗe ƙofar gefensa, bai iya haɗa ido da ɗansa ba.

"Huzaifa, shigo ka gaya mini abin da kowacce take faɗa. Ban taɓa tambaya ba."