Ruwan Teku a Kwalba

Midhat, mai gadin ƙofar wani otal a gaɓar tekun Iskandariyya, yana kallon tsohuwar da ke tsaye jikin shingen ƙarfe. Baƙar rigarta ta koɗe a kafaɗu, takalmin ƙafarta na maza ne, hannunta riƙe da kwalbar roba. Yadda take leƙen ruwan, da gani ta san wurin nan tun yana na kowa, lokacin da ake zuwa da tukunyar shinkafa da kankana a baje bisa yashi.

"Ɗana, taimaka ka ɗebo min ruwan teku," in ji ta. "Maigidana ne ke kwance, ƙamshinsa kawai yake so ya shaƙa."

"Hajiya, ki ƙara gaba mana."

"Gaban ma sun zuba siminti. A nan ya koya wa rabin unguwarmu iyo, ƙila har da ubanka."

Midhat ya saci kallon kyamarar da ke saman ƙofa. Wanda ya riƙe aikin kafin shi, an kore shi ne a kan abin da bai kai wannan ba.

"Ki dawo gobe, Hajiya."

Ba ta yi musu ba. Ta daɗe tana kallon igiyar ruwa, sannan ta juya.

"Gobe," ta ce a hankali. "To, Allah ya kai shi."