Illa, Mai Tuɓe Bargo Don Ɗan Jaki

Shekara talatin da ɗaya, ni na ƙirga, in hantsi ya fito sai ka ga Illa likitan bisashe bisa tsohon babur ɗinsa, ya baro Zango ya nufo Tirmini, jakar allura na dukan ƙugunsa. Bana ya aje aiki. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ban manta alheri, sai na faɗa.

Bara da tsakar sanyi, tsohuwar jakar maƙwabcinmu Mai Nasara ta haihu, haihuwar ƙarshe ke nan. In ɗan ya mutu, jidar ruwan gidan za ta koma kan matarsa Hajja, ga wuyanta ya riga ya gaji. Illa ya tarar da jaririn yana makyarkyata jikin danga, maigidan kuwa na bakin wuta cikin bargon da ya sayo Kano.

"Maigida, me ka yi wa wannan?"

"Likita, jaki ne fa! Ga 'yan awaki can, jiya aka haife su, sai tsalle suke."

"Su an haife su da wani kitse mai hura musu ɗumi a jiki, kamar jaririn mutum. Dangin jaki da doki kuwa, tun kakannin kakanninsu gadon wannan ɗumin ya ɓace musu. In sanyi ya kama shi, sai dai ya yi ta karkarwa. Tuɓe bargon."

"Bargona? Ga jaki?"

Hajja ta leƙo daga madafa. "Malam, ko ka tuɓe, ko gobe kai za ka ɗau tulu."

Ya tuɓe. Illa ya goge jaririn, ya naɗe shi, ya tallabe shi har ya kama nono. Kwana shida Illa yana dawowa. Kwana shida kuma Mai Nasara na zaune cikin zanen matarsa, masu wucewa suna yi masa barka da haihuwa.

Illa, kai ne garwashin marasa murhu. Ba ka taɓa tambaya ko bisar mai kuɗi ce ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku sababbin likitoci, ku yi koyi da shi, ku sauko daga babur ku durƙusa. Ɗan jakin ya rayu, yau har harbi yake, kuma Hajja ta yar da gammonta.