Jirgin da Aka Kifar a Takarda

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, Kajiwara Michitaka, editan mujallar jiragen ruwa ta Shiodoki, ya rasu a wani asibiti a Kobe, bayan jinyar huhu da ya sha tun bazara. Ina cikin rumfa ina wasa zarto shugaban ƙungiyar masuntanmu ya leƙo ya gaya mini. Na ce na ji. Na ƙarasa wasa zartona, don ba a ajiye zarto rabi da kaifi rabi babu.

Ni ne Hamamoto Genzo, masassaƙin jiragen katako na nan Kobiura. Ban yi nisa a makaranta ba, tun ina yaro aka miƙa mini gizago, kuma har yau da fensirin kafinta nake rubutu. Ƙungiya ta ce in rubuta wani abu a takardarta ta wata-wata, wai ni na fi kowa saninka a tsibirin nan, Kajiwara. Na yarda bisa sharaɗi guda: kada a yanke mini ko kalma don a samu wurin saka tallan mai ƙanƙara. An taɓa yi mini irin wannan yankan, kuma a mujallarka aka yi.

Zan fara da alherinka, yadda aka saba.

Kai ne ɗan birni na farko da ya shigo rumfata bai tambaye ni yaushe zan daina sana'a ba. Sauran 'yan jarida tsoho suke nema su ɗauka hoto, su rubuta a ƙasa cewa ga na ƙarshe nan. Kai kuwa ka samu gungume ka zauna, ka wuni kana kallon yadda nake jan zarto tsakanin katako biyu har su haɗu ba kafar da ruwa zai bi. Ka tambayi dalilin da ya sa nake bubbuga gefen katako da guduma kafin in haɗa. Na ce don ya matse, in ya sha ruwa ya kumbura ya rufe kansa. Haka ka rubuta, ba ka ƙara gishiri ba.

Da tsoho Kuwada mai sassaƙa filafilai ya mutu ba ɗa ba jika, ka hau jirgin ƙasa daga Kobe, ka sa kafaɗa aka ɗauki akwatinsa. Duk matar masuncin da mijinta ya rasu ya bar mata jirgi, kana buga mata sanarwar sayarwa a shafin baya, ba ka taɓa karɓar ko sisi ba. Waɗannan gaskiya ne, na gani da idona.

Ka taɓa bayyana mini yadda mujalla ke rayuwa. Ka ce kuɗin da mai karatu ke biya ko takarda ba ya saya. Masu talla ke ciyar da ita: kamfanonin jiragen roba, masu injuna, masu tashoshin ajiye jiragen attajirai.

Na ce, "Ashe kai ma ɗan haya ne a gidanka."

Ka yi dariya ka ce, "Ɗan haya ai yana da ɗaki, Toryo. Ni a bakin ƙofa nake shimfiɗa tabarma."

Toryo kake ce mini, yadda ake kiran ubangidan rumfa, tun ranar farko har ƙarshe. Wannan ma na sa shi cikin alherinka.

Yanzu sai ɗayan zancen. Matasan tsibirin nan suna ganin jirgi a rumfata lulluɓe da tamfol tun suna rarrafe, ba su san dalili ba. Bari su sani.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, Okazaki Tatsuji, wanda ya fi kowa iya kamun jan kifin da muke kira tai a wannan gaɓar, ya sa ni in yi masa jirgi. A lokacin kowa ya koma roba, shi kaɗai ya ce katako yake so. Na zaɓi itacen sugi da kaina a kan dutse, na bar shi ya bushe, na yi jirgin da ban taɓa yin kamarsa ba. Aka sa masa suna Tatsuei Maru. Ka zo ka ce za ka ba shi shafi takwas, tun daga gungume har ruwa. Ranar da aka saukar da shi an zuba giyar shinkafa a goshinsa, an jefa wa jama'a curin shinkafa, kowa ya ci ya sha. Washegari da safe teku ta kwanta luf kamar madubi, ka tsaya a kan gaɓa ka ɗauki hotonsa, jirgi a sama, inuwarsa a ruwa, ba ka bambance su.

Abin da ya biyo baya daga bakinka na ji shi. Ana gab da kai mujalla maɗaba'a, wani kamfanin jiragen roba ya ce yana son ƙarin shafuka, ko a ba shi ko ya janye tallansa na shekara. Aka ba shi. Shafina takwas suka koma rabin shafi. Mai tsara shafuka, mutumin da bai taɓa taka jirgi ba, ya ɗauki fim ɗin cikin gaggawa ya kasa gane sama da ƙasa. Mujalla ta fito da Tatsuei Maru a kife, gindinsa yana kallon sama, kusa da wani farin jirgin roba da wata budurwa ke murmushi a kansa.

Mutanen tudu za su ce hoto ne kawai. Mu nan ko kwano ba ma kifewa a cikin jirgi, kalmar ma ba a furta ta a kan ruwa. Okazaki ya shigo rumfata da mujallar a hannu, matarsa na biye da shi tana kuka. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Toryo, aikinka ba shi da aibi. Amma ba zan sa ƙafata a jirgin da ƙasa duka ta gani a kife ba."

Na ce, "Takarda ce ta kife, ba jirgi ba. Juya ta ka gani."

Ya ce, "In na juya ta, sunansa ya kife. A tayar da shi a bangon mujallar, inda ko wanda bai saya ba zai gani, sai in karɓa."

Aka jawo jirgin aka mayar rumfa. Dillalin kamfanin roban nan kuwa ya bi gida-gida da mujallar a hammata, ba ya cewa komai, sai dai ya buɗe shafin ya ajiye a kan tebur. Daga wannan shekarar ba wanda ya sake sa ni aikin sabon jirgi. Akwai masu cewa dama zamanin katako ya wuce, ko da hoto ko babu. Su faɗi abin da suke so. Ni na san ranar da aikina ya tsaya.

Ka buga neman gafara a fitowa ta gaba, layi uku, a ƙarƙashin tallan man inji. Sannan ka zo da kanka, ka durƙusa a bakin rumfa goshinka a ƙasa, ka ce laifinka ne, ba ka ambaci sunan mai tsara shafukan ba ko sau ɗaya. Ka yi mini alkawarin bango. Na ce in bangon ya fito ka shigo.

Bangon bai fito ba. Bangon mujalla na wanda ya fi biya ne, kuma tun shekara ba ta kama ba ake sayar da shi. Duk kaka kana zuwa da kwalbar giya a naɗe cikin ƙyalle, ka tsaya a waje. Matata Tomi, wadda ta riga mu tafiya, takan zagaya da kai bayan gida ta ba ka shinkafa da kifi, tana zaton ban sani ba. Daga baya na ga tsayuwar taka ba ta amfanin kowa, sai na miƙa maka bokiti. Jirgin katako in ya daɗe a tudu dole a riƙa jiƙa shi da ruwan teku, in ba haka ba ya tsage. Kana sauka gaɓa da takalminka na ofis, kana hawowa da bokiti biyu, kana nishi.

Nakan ce, "Malam mai takarda, bangon bana fa?"

"An sayar, Toryo."

"Na baɗi?"

"Ana magana."

"Shi ya sa aka sa mata suna Shiodoki. Mujallar da sunanta ma ke cewa lokacin tattara kaya a tafi ya yi."

"Lokacin cikar ruwa ake nufi, Toryo."

"To, ina ruwan?"

Ba ka taɓa yin fushi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Ka yi mini tayin cikakken shafi a ciki, mai launi, na ƙi. Bango aka ce, bango ka yi alkawari. Okazaki ya sayi jirgin roba, ya tsufa, ya mutu bai hau nasa ba. Mujallarka kuma ta shiga ramewa. Mutane suka koma duba jirage a waya, masu talla suka bi su can. Daga wata-wata ta koma sau huɗu a shekara. Ma'aikatanka suka watse, ya rage kai da matarka Sumie a ɗaki guda a saman shagon taliya, ita ke naɗe kwafi tana kaiwa gidan waya. Ina karanta ta duk fitowa, a ofishin ƙungiya, don ban yarda in saya ba. Na lura duk injin da ka gwada mai kyau ne, duk jirgin roba mai daɗin tuƙi ne. Na faɗa maka haka. Ka ce wanda ba shi da kyau ba ka rubuta shi sam, iyakar gaskiyar da aka bar maka ke nan. Duk yadda ta rame, bangon nan a saye yake, don shi kaɗai ya rage da ake so.

Na je jana'izarka a Kobe. Na ƙona turare, na rusuna, na juya zan fita, Sumie ta tare ni ta miƙa mini mujalla. Fitowa ta ƙarshe ce, ka gama ta a gadon asibiti. Siririya, takardarta mai arha, irin ta naɗe kifi. A bango ga Tatsuei Maru a tsaye, sama a sama, ruwa a ƙasa, sunansa yana karantuwa, ba tallan kowa a gefe.

Na daɗe ina kallo. Sannan na faɗi abin da ke raina, don ban iya ɓoyo ba. Na ce, "Sumie-san, sai ranar da babu mai son bangon aka ba ni shi."

Ta dube ni, idonta a bushe. Ta ce, "Akwai mai so, Toryo. Masu inji sun nema, za su biya kuɗin bugu gaba ɗaya, su yi mana bankwana mai launi. Mijina ya ce an riga an ba wani. Ɗan kwale-kwalensa na iska ya sayar aka buga wannan. In za ka yi gunaguni, ka yi a hanya, kada jirgin ƙasa ya bar ka."

Na kama hanyar tasha. Abin da ya kamata ka yi tun Okazaki na da rai ka yi, Kajiwara. Amma ka yi.

Da na dawo na kai wa Shinpei, ɗan Okazaki, wanda shi ma yanzu furfura ta kama shi. Ya riƙe mujallar, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya shiga ya ajiye ta a gaban hoton ubansa ya kunna turare. Da ya fito ya ce, "Toryo, yanzu kam a tsaye yake. Yaushe ruwa zai cika?"

Muka saukar da jirgin farkon Disamba. Masu gulma sun taru a gaɓa su ga ya nutse. Ya sha ruwa kwanakin farko, ina kwarfewa, suna dariya. Sai katakon ya kumbura ya rufe kansa, cikinsa ya bushe ƙayau. Makon jiya Shinpei ya fita da shi kamu, ya dawo da jajayen tai, ya ce jirgin yana hawa igiyar ruwa ba ya dukanta kamar roba. Na ce ai na sani.

Mafi girman kifin na sa a ƙanƙara na aika wa Sumie. Na kira ta a waya na ce ta ajiye maka kasonka a gaban hotonka, sauran ta ci gefen sama, ta ɗaga ƙayar, ta ci na ƙasa. Kada ta juya kifin, don a wurinmu juya kifi kifar da jirgi ne.

Amida, abin bautarmu mai jinƙai, ya karɓe ka, Kajiwara, ya haye da kai ɗaya gaɓar a kan ruwa kwantacce. Ya dubi matan masuntan da ka taimaka da akwatin Kuwada da ka ɗauka, ya dubi bokitan da ka yi ta haurowa da su, ya sauƙaƙa maka abin da ya rage. Ina yi wa Sumie-san ta'aziyya, da 'yarku Chizuru, da 'yan tsirarun da suka ci gaba da sayen Shiodoki har ranar da ta tsaya. A ba su haƙurin rashinka. Idan iyalinka suna son hawa jirgin, su zo da bazara, Shinpei zai fita da su, ni kuma zan riƙe igiya.

Hamamoto Genzo, Kobiura